Ranar da Mai Tsani Ya Tafi da Tsaninsa

Kai da ka dage sai ka nuna wa mutane kana nan da ƙarfinka, zauna ka ji misali. An yi wani attajiri mai kamfanin jiragen sama, manya-manya, na ɗaukar fasinja. Ba abin da ke masa daɗi kamar a ce jirginsa bai taɓa tashi da kujera wayam ba. Gaskiya ne kuwa, sai dai ba a tambayar su wa ke zaune. Surukai ne da surukan surukai, da maroƙa, da duk wanda ya iya jan "ranka ya daɗe" har numfashinsa ya ƙare. Da aljihu ya fara rama, sai gogan ya gano dabara. Mai sayar masa da man jirgi ya zo karɓar haƙƙinsa, a ba shi kujerar taga. Makanike ya zo, kujera biyu, shi da maiɗakinsa. Matar da ke dafa wa fasinjoji shinkafa kuwa har ta gaji da kallon gajimare. Jirage suka riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya, ana kwance tayar wannan a ɗaura wa wancan, har ya rage saura guda.

Sai magana ta bazu a gari cewa kamfani ya karye. Matuƙin jirgin ya ja shi gefe ya ce man da ke tanki ko shayi ba zai dafa ba, a soke tashin yau, a ɗora wa hadari laifi. Attajiri ya ce sam, maƙiya ba za su yi masa dariya ba. Ya naɗa rawaninsa mafi tsawo, ya tara 'yan kallo, ya gayyaci duk mai binsa bashi a zo a ga ƙaryar magulmata. Ba wanda ya makara, duk suka hau jirgin tare da shi. Aka rufe ƙofa, yana ɗaga hannu ta taga. Jirgi ya yi gurnani, ya ɗan gangara, ya yi tari irin na tsohuwar akuya, ya yi tsit. Attajiri ya yafito mai tsani ya kawo a sauka, sai ya hango shi can yana tura abinsa gida. Shi kaɗai ne ba a taɓa biya ko da kujera ba, tunda dole wani ya tsaya ƙasa ya janye tsanin.

Da ya waiwayo, duk mutanen da ya shekara yana zille musu ta ƙofar baya, ga su nan a jere, ba mai gaggawa. Mai man jirgi ya taso a hankali ya zauna kusa da shi, ya ce, "To Alhaji, tunda Allah ya haɗa mu, ina muka kwana?" Kafin la'asar an raba jirgin kamar naman watanda. Kujerar da yake kai ma mai shinkafa ta ce tata ce, ya ƙarasa sauraro a tsaye. Da rawaninsa aka yi igiyar sauka, shi ne na ƙarshe, kai ba hula, yana reto a gaban 'yan kallon da ya tara da kansa.

Da ya ji ta matuƙi, da ko rawanin ya tsira da shi. Shi ya sa Hausawa suka ce: da muguwar rawa, gara ƙin tashi.