Cokalin Gimbiya

Aaltje ta buga sandarta a teburin mai kula da tsohon gidan sarautar.

"Ɗan nan, an ce kun yashe ruwan da ya kewaye gidan, kun tsinci cokalin gimbiya. Shekara hamsin ana kirana ɓarauniya a kansa. Geertje ce, munafukar kukun nan, ta jefa shi don a kore ni. Rubuta kowa ya gani!"

"Iya, zauna tukuna."

"Ban zo zama ba."

A zamaninsu, 'yar aikin gidan ba ta aure. Sau uku ta ƙi auren Wiebe saboda aikin. Da aka kore ta, shi ya share mata hawaye ya aure ta, har ya mutu yana taya ta zagin Geertje.

Mai kula da gidan ya ajiye takalmin katako ƙafa ɗaya, an cusa cokalin da dutse a ciki.

"Haka muka ciro shi. Kin san mai shi?"

Irin wanda saurayi ke sassaƙa wa amaryarsa ne. Ɗayan yana ɗakinta. Wiebe ne ya sassaƙa mata su, tun a lokacin ya ce mata kare ne ya gudu da wannan.

Ta ɗauki sandarta.

"Raka ni maƙabarta. Yau wani zai ji ni."