Sifikar Hagu ta Ɗakin Isufu

Maidaji ya tsaya tsakiyar ɗakin ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana sauraro. Ɗakin taku huɗu ne a uku, a hawa na shida cikin unguwar Sanyuanli.

"Ƙananan sifiku biyu, a bango," in ji shi. "Manya za su shaƙe ɗakin nan."

Da kunnensa yake ci a Guangzhou. Duk ɗan kasuwar da zai loda kayan sauti a kwantena sai ya kira Maidaji ya saurara tukuna. Shi kuwa har cewa yake, ko sauro ne ya gifta ya san mace ce ko namiji. Wannan sunan shi ne jarinsa, ba shi da wani.

Mai ɗakin, Isufu, ɗan Maraɗi ne, guntu siriri mai sarin atamfa. Ya ce to, suka nufi kasuwa a Liwan.

Da isarsu Isufu ya wuce ƙananan, ko kallonsu bai yi ba. Ya tsaya gaban wasu ƙarti biyu, irin na gidan biki, da suka kai masa kafaɗa. Bai ce a kunna ba. Ya auna faɗin da kamu, ya leƙa ramin iskar da ke jikin akwatin, ya tambaya ko bayanta na buɗewa. Ya kuma nemi wadda ta fi faɗi, mai shagon ya kaɗa hannu ya ce "mei yo", babu. Sai ya ɗauki waɗannan.

Ran Maidaji ya ɓaci ƙwarai. Amma gwani ba ya cewa an ƙi shawararsa, don haka ya bi masallaci da wurin cin tuwo yana faɗin cewa zaɓinsa ne, wai sabuwar dabara ce da Turawa ma ba su gano ba.

Lokacin saura kwana goma a buɗe gasar Olamfik, 'yan sanda na bin gidajen baƙi suna duba biza. Maidaji bai damu ba, tasa lafiya lau. Abin da ke gabansa Alhaji Ƙasimu ne, babban dila daga Kano, mai shirin ba shi zaɓin kayan kwantena uku. Ya jawo shi ɗakin Isufu da rana tsaka don ya ji dabarar da kunnensa.

Suka tarar da ƙofa a buɗe, shayi na tururi, babu Isufu. Ba su zauna ba sai ga 'yan sanda biyu. Suka duba fasfo, suka leƙa bayi da ƙarƙashin gado, suka yi godiya suka wuce.

Maidaji ya kunna kiɗa, ya lumshe ido.

"Ni fa kamar daga dama kawai nake ji," in ji Alhaji Ƙasimu.

Maidaji ya yi murmushin tausayi. "Ranka ya daɗe, kunne ma karatu ne." Ya durƙusa ya manna kunne jikin ta hagu. "Wannan ce uwa. Ji zurfi! Wallahi kamar numfashi take. In ta yi ƙarya, kar a sake kirana Maidaji."

Sai bayan sifikar ya buɗe, Isufu ya rarrafo jiƙe da gumi, takalma a hannu.

"Sun tafi? Ku gafarce ni, Alhaji, bizata ta ƙare, ta hagun nan kuwa tun ranar da muka sayo na kwashe kayan cikinta na sayar."