Tsohuwar Iyaka

"Babu wuri," in ji kwamfutar, karo na biyar.

Sakatariyar ƙungiyar manoma a Keita ta dafe kai. Jiya-jiya makaniken da ya zo daga Yamai ya sa mata sabon diskin ajiya, ninki huɗu na tsohon, ya kwashe kome ya zuba ciki, ya hau mota ya tafi. Gobe za a raba gonakin da aka raya, ga sunayen mata ɗari uku da suka haƙa ƙasar sun ƙi shiga. Ta kashe, ta kunna, har ƙura ta hure, duk a banza. To ina wurin ya shige?

Mahaifinta, da ya biyo daga kasuwa ya sha ruwa, ya leƙo.

"Mi ya hwaru, ɗiyata?"

Ta yi masa bayani don ladabi kawai, tunda bai san kome game da kwamfuta ba. Tsohon ya yi dariya.

"Bara da aka ƙara mini gona, na tumɓuke shinge kakaf. Amma bajimina, in ya kai tsohuwar iyaka, sai shi juyo da galma. Sai da na kama igiya na shige gaba."

Ta buɗe shafin da ke nuna rabon diski.

Ga filin nan kwance, kashi uku cikin huɗu na sabon diskin, ko kunya ɗaya ba a ja masa ba. Ashe kwamfutar ma a tsohuwar iyaka take juyowa.

"Baba," ta ce, "zauna. Bari in kama igiya."