Majinyacin Takarda

"Kada ku kashe min shi!" ta ce, har da buga tebur.

Sauran ɗaliban likitanci na rukuninsu suka kwashe da dariya. Majinyacin da take karewa a takarda kawai yake. Malam ne ya ƙirƙiro shi, yana ba su labarinsa shafi-shafi don su gano cutar da kansu: matashin injiniya, ba ya shan taba, zazzaɓi ya ƙi sakinsa. Dogon hanci da sanyin murya kuwa, zuciyarta ce ta ƙara masa.

"Amarya, angon naki taifod ke damunsa," in ji wani mai gilashi a cikinsu.

"Wallahi ba shi ba ne! Malam, gaya musu."

"Ke me kike gani?" Malam ba shi da wata amsa sai wannan.

Ta tare a laburare har ta rame, ta dawo da hujja: ƙwayoyin cuta ne suka kama zuciyarsa.

Malam ya jinjina kai, ya karanta shafin ƙarshe: "Ya warke sarai. Matarsa, wadda ba ta taɓa barin gefen gadonsa ba, tana godiya ga likitoci."

Ta daɗe tana kallon takardar.

"Malam," ta ce a hankali, "wannan cutar takan dawo, ko?"