Wanda Ya Sauka Ranar Talata

Baƙon ya sauka garin Anomabo na bakin teku ranar Talata, ranar da masunta ba sa shiga teku, don haka unguwa kaf tana zaune a ƙofar gida lokacin da tasi ta tsaya. Kukua ce ta je gari ta taho da shi, ta fito daga mota tana jan ƙafa kamar ita ta yi doguwar tafiyar. Shi kuwa ko jaka bai zo da ita ba.

"Jama'a, ku zo ku ga Bature!" in ji mai suyar kifi ta bayan gida. "Ja wur, ga sanƙo, sai ka ce tsohon alƙali."

"Rana za ta gyara shi," in ji Maame Mansa, surukar Kukua. "Duk haka suke zuwa."

Abin da baƙon ya fara lura da shi, mutanen nan ba su san shiru ba. Tun asuba mai wa'azi ke kewaya unguwa da lasifika. Kafin ya rufe baki zakara ya karɓa, sai rediyo uku kowace da tasharta, sai turmin sakwara, sai Fiifi mijin Kukua yana ɗinkin komar kamun kifi yana waƙa da muryar da ko kifi ba zai jure ba. Inda baƙon ya baro babu hayaniya, babu zafin rana, abinci ma zuwa yake ba sai ka nema ba.

Ga rashin kara. Mata su shigo masa ɗaki ba sallama, su kama hannunsa su jijjiga, su tsaya a gabansa suna gardama a kan hancinsa. Ruwan wanka mai zafi safe da yamma, da man kaɗe, ko ka so ko ka ƙi. Amma duk surutun nan ba wanda ya kira shi da suna. Dokar gidan ce: baƙo ba ya fita waje, ba a kuma maganar sunansa, sai ya cika mako an ga zama ya zo yi.

Ya yi ƙorafi da yaren ƙasarsu, da ƙarfi kuwa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ba wanda ya fahimci ko kalma ɗaya.

"Muryar nan ta fi ta mai wa'azi," in ji Fiifi. "Mu kai shi coci ranar Lahadi, mun samu mai jan waƙa."

Abincinsu ma bai yi masa ba. Ƙamshin dokunu, tuwon masarar nan nasu, da soyayyen kifi ya cika ɗaki, ya kau da kai. Madara kawai yake sha. Egya Bentsil, kawun Fiifi, ya zo gaisuwa da kwandon kaguwa, ya tsaya yana kallonsa.

"To kai malam, mutumin da ba ya cin kaguwa, me ya kawo shi bakin teku?"

Kowa ya yi dariya ban da Kukua. Baƙi biyu aka taɓa saukewa a ɗakin nan, ita ta yi musu hidima, ba wanda ya cika mako. Kowanne ya koma inda ya fito, ko sallama babu. Tsofaffi suka ce mata baƙon da ya tafi ba a yi masa kuka. Sai ta haɗiye, ta wanke zanin gado, ta ci gaba da addu'a. Wannan na uku, ko motsi ya yi tana tsaye a kansa.

Ranar Lahadi baƙon ya yanke shawara: ƙasar nan ba ta zama ba ce. Ya ƙi madara, ya daina ƙorafi, jikinsa ya ɗau zafi. Fiifi ya ruga ya kira malamar asibiti, ta duba shi ta ba da magani ta ce a jira. Aka kashe rediyo. Aka kifa turmi. Fiifi ya zauna a dakali, koma a hannu, ba waƙa.

Shirun da baƙon yake nema ya samu, sai ya ji bai yi masa daɗi ba. Abin da yake ji kawai shi ne numfashin Kukua, tana ƙoƙarin danne kuka.

Maame Mansa ta shigo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Kai, saurara. Na san irinku, 'yan yawon buɗe ido, ku leƙo ku ga gari ku gudu. An fente maka ɗaki, an yi watanni ana jiranka. In ka tafi, wallahi sai na biyo ka har ƙasarku na ja kunnen nan naka mai kama da na Fiifi."

Baƙon ya buɗe ido ɗaya ya dube ta. Sannan ya wage baki ya mayar mata da martani da yarensu, har mai suyar kifi ta jiyo daga bayan gida ta rangaɗa guɗa. Da la'asar ya sha madara kamar ɗan dako, rediyo uku suka dawo bakin aiki.

Talata ta zagayo. Gari na wayewa masunta suka cika tsakar gida, mata duk cikin fararen zannuwa, aka fito da baƙon waje karo na farko. Egya Bentsil ya zauna a kujera, ga kofin ruwa ga na lemo a gefensa. Ya tsoma yatsa ya ɗiga wa baƙon a harshe.

"In ka ce ruwa, ya zama ruwa ne. In ka ce lemo, ya zama lemo ne. Daga yau kai ba baƙo ba ne, sunanka Ebo, sunan haihuwar Talata, ɗan Fiifi da Kukua."

Ebo, mai kwana bakwai a duniya, ya amsa gaisuwar da fitsari a cinyar kakansa.