Birki Ba Ya Ci Sai Ƙofa

Da gwamnati ta yarda manyan babura su hau babbar hanya, sharaɗi ɗaya ta gindaya: duk babur ɗin da ya shiga, hanyar ce ke riƙe da gudunsa, birki ba ya ci sai an kai ƙofar fita. An ce hakan zai rage haɗari.

Ranar Laraba da hantsi Barau ya ɗauko Gwaggo Asabe, ƙanwar babansa, zai kai ta barka a birni. Ta rungume shi ta baya tana ta salati saboda gudu.

Suna wuce gada suka hango babur kwance a gefen hanya, wani mutum yana jan ciki yana ɗaga hannu. Babura sai wuce shi suke yi.

"Barau, tsaya! Sagiru ne, ga rigarsa!"

Sagiru ɗanta ne, da safe ya fita kai kaya. Barau ya matse birki har yatsunsa suka ƙage. Babur ko rage gudu bai yi ba.

"Gwaggo, ba ya tsayawa. Wallahi ba ya tsayawa."

Wata murya mai sanyi ta fito daga jikin babur ɗin: "An sanar da masu kwashewa. A ci gaba da tafiya."

"Masu kwashe me?" Gwaggo ta tambaya.

Ta yi ta waiwaye tana kiran ɗanta. Can sai Barau ya ji hannuwanta suna sakin cikinsa, tana neman dirowa. Ya damƙe wuyan hannunta ya riƙe gam. Tana dukan bayansa da ɗaya hannun, shi yana kuka, bai sake ta ba har ƙofa.