Kuɓewar Mati Tela

Kai da ka zo kana tambayata me za ka shuka a bayan gidanka, kana cewa kowa ka tambaya da abin da yake gaya maka, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani tela ana ce masa Mati, gwani ne a kan keke, amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Matarsa Lantana ta yi doguwar jinya, ta tashi duk ta zube, sai idanu. Uwarta, Inna Yalwa, ta zo dubiya daga ƙauye, ta ƙare wa 'yarta kallo, ta ce in kaka ta yi ta dawo ta same ta a haka, ƙafarta ƙafar 'yarta. Maganar nan ta tsaya wa Mati a rai, don yana son matarsa, ko tunanin gidan babu ita ba ya iya yi. A asibiti kuwa an ce ta yawaita cin ganye. Sai ya ce ga fili a bayan ɗaki, ga damina ta sauka, me zai hana? Ya kewaye wurin da zana, ya kafce, ya zuba taki.

To me za a shuka? Nan fa ake yinta. Mai shayin bakin shagonsa ya ce kabeji. Wani direba ya rantse ba abin da ke ƙara jini kamar karas. Ladan ya ce alayyafo, mai faci ya ce wa ke ta alayyafo ga latas? Shi kuwa Mati, duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya. Ranar kasuwa ruwan ido ya kama shi, ya sayi kowane iri ƙulli-ƙulli, har da waɗanda bai ji sunansu da kyau ba, ya cusa a aljihu ɗaya. Kafin ya iso gida ƙullin sun fashe, iri ya gauraye. Ya zazzage a faifai, ya zura ido, ya juya nan ya juya can, bai gane komai ba. Ya ce ai ƙasa ta san nata, ya watsa gaba ɗaya.

Ƙasa kuwa ta fito da nata da na Mati a haɗe. Ya tsuguna a gaban tsiro ya rasa wanne ne shuka wanne ne ciyawa. Maƙwabci ya leƙo ta kan zana ya ce waccan ciyawa ce, Mati ya tuge ya zuba wa akuya. Washegari wani ya ce ai alayyafon ke nan ka ba akuya. Innalillahi! Aka ce masa karas a cikin ƙasa yake yi, sai ya riƙa tugewa yana dubawa yana mayarwa, har suka bushe. Kabeji kuwa, da ba wanda ya tuna ya gaya masa shukar sanyi ce, marka ta ruɓar da shi. Abu ɗaya ne ya miƙe zar, ya fi Mati tsawo, ya yi fure rawaya mai jan ciki. Wani mai wucewa ya ce furen kuɓewa ne wannan. Mati ya riƙe maganar hannu bibbiyu, ya hana a tsinki ko ganye ɗaya, yana jiran 'ya'ya. Ya tare a lambu safe da yamma, masu ɗinki suka gaji da zirga-zirga suka kwashe yadinsu, miyar gidan ta koma ba nama ba mai.

Ran nan Lantana ta lallaɓa, tana dafa bango, ta leƙa cikin zanan. Ta dawo ta zauna tana haki, da murya can ƙasa ta ce, “Malam, rama ce fa.” Shi kuwa kansa ya riga ya ɗaure, sai ya dubi ƙasusuwan wuyanta, ƙwalla ta ciko masa, ya ce, “Na sani, ina gani da idona. Ki ƙara haƙuri, kuɓewa ta kusa.” Ta buɗe baki za ta sake magana, ta ji ba ta da ƙarfin gardama, ta koma ta kwanta. Allah sarki!

Kaka ta yi, Inna Yalwa ta dawo ta tarar da 'yarta ta fi da zubewa. Mati, don ya wanke kansa, ya yi mata jagora zuwa lambu, ya durƙusa ya ce, “Inna, ga kuɓewar nan, 'ya'yan ne dai suka ƙi tsawo, ban san dalili ba.” Tsohuwa ta tsinki ganye ta tauna, ta tofar, ta ce, “Wannan da an tsinka tun tana ɗanya, an dafa an yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, da yarinyar nan ta ci ta ƙoshi. Yanzu ta tsufa, sai dai a jiƙa a yi igiya. Rama ce, Malam.” Sai a lokacin ya gane abin da matarsa ta gaya masa. Ya zauna daɓas a kan kunya, baki sake. Kafin la'asar an ɗaure kayan Lantana, ya raka su tasha yana share ido da hular kansa, ya dawo gida shi kaɗai.

Saboda haka kai ma ka daina yawon tambaya a bakin titi. Shuka abin da ka san ganyensa ka san lokacinsa, in ba ka sani ba tambayi mai girka maka, ka kuma saurara da kyau. Kada ka zama Mati, wanda Hausawa suka gama da shi tuntuni da suka ce: garin neman ƙiba, an samo rama.